Roba, katakon kwali ko sassaƙar itacen wawa: da wanne za ka fara ƙera ƙaramin jirgin ruwa a Accra?

Ɗan ƙanwata da ke zaune a unguwar Madina ya biyo ta gidana a Nima wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Ko zama bai yi ba, ya tsaya gaban akwatin gilashin da nake ajiye ƙananan jiragena, ya daɗe yana kallo, sannan ya zaro waya ya miƙo mini. Hoton HMS Victory ne, jirgin yaƙin Ingila da aka saka a ruwa a 1765, wanda ya yi yaƙin Trafalgar a 1805, har yau kuma yana ajiye a Portsmouth. Ba na gasken ba, na katako ne da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a kwali, mutum ya haɗa da hannunsa. Ya ce, "Kawu, wata bakwai ina tara kuɗi. Wannan nake so." Na ce, "Ɗana, zauna a kawo maka ruwa, maganar nan ba ta tsaye ba ce."

Ni daga Tema na kwaso wannan sha'awa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi aikin gadi a tashar jiragen ruwan can da aka buɗe a 1962, kuma yakan riƙe hannuna ya nuna mini jiragen Black Star Line, kamfanin da gwamnatin Nkrumah ta kafa a 1957, masu ɗauke da sunayen kogunanmu irin su Volta da Tano da Pra. Jiragen sun tafi, hotonsu bai bar idona ba. Fiye da shekara ashirin ke nan ina ƙera ƙananan jirage, kuma hanyoyi ukun da ake bi duk na bi su: na roba da ake haɗawa daga kwali, na katako da shi ma ke zuwa a kwali daga Turai, sai wanda mutum zai ɗauki guntun itace ya sassaƙa daga farko har ƙarshe. Masu tambaya sukan fara da maganar kuɗi. Ni kuwa tambayar da nake so mai farawa ya riƙe ita ce: idan na ɓata wani yanki, ina zan samo wani? Wanda ke zaune a Landan ko Tokyo shago yana bayan gidansa. Mu da ke Ankara, kamar yadda iyayenmu ke kiran garin, amsar wannan tambaya ita ke raba wanda zai kammala jirgi da wanda zai tura kwali ƙarƙashin gado.

Bari in fara da na roba, don shi ne aka fi gani a waya. Kamfanoni irin su Tamiya na Japan, Revell na Jamus, Airfix na Ingila da Trumpeter na Sin suna zuba robar a mazubi, ta fito da kowane yanki maƙale a jikin wani firam, da lambarsa, da takardar da ke nuna abin da ke bin wani. Kai dai ka yanke, ka goge bakin yankan, ka manna, ka yi fenti. Gam ɗinsa ba irin wanda muka sani ba ne: ruwa ne da ke narkar da fuskar robar kaɗan, ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya. Ma'aunin da aka fi yi wa jirage shi ne 1:350 da 1:700, wato kowane santimita ɗaya a hannunka yana madadin santimita 350 ko 700 a jirgin gaske. Yamato na Japan mai tsawon mita 263 yakan fito santimita 75 a 1:350. Titanic mai mita 269 yakan dawo santimita 38 a 1:700. Wannan ƙaramin ma'auni ya bazu ne tun 1971, lokacin da Tamiya da wasu kamfanonin Japan uku suka fara fitar da jiragen da aka yanke daidai inda ruwa ke tsayawa, ba su da ƙasan ciki, sai ka ɗora a tebur ka ga kamar suna tafiya a teku.

Gaskiyar da ba zan ɓoye ba, idan jirgin ƙarfe ne a ranka, babu abin da ya kama ƙafar roba. Igwa, bututun hayaƙi, ƙananan tagogi, layin da aka haɗa faranti da faranti, duk an fitar da su da kyawun da wuƙa ba za ta iya ba a hannun sabon shiga. Ba ya cin wuri, faranti ɗaya na cin abinci ya ishe ka shimfiɗa aikin dare ɗaya, ba ya tayar da ƙura, ba ya damun maƙwabcin ɗaki a gidan haya. Cikin sati uku ko huɗu na zaman dare za ka ga jirgi a gabanka, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga zuciyar mai koyo.

Matsalar tana farawa ne daga ranar da kwalin ya iso. Na farko, kwalin babba ne amma ba shi da nauyi, masu jigila kuma girman suke aunawa, don haka kuɗin kawowa kan yi kafaɗa da kafaɗa da kuɗin kayan, kafin a zo maganar kwastan. Na biyu, kwalin roba zalla ne. Fenti da gam daban ake saye, kuma da yawan masu sayarwa ba sa yarda su saka su a jirgin sama saboda suna kama wuta. Sai ka samu kanka da jirgi a hannu babu abin manna shi. Akwai dabarun da muke yi: sufa gulu yana riƙewa, sai dai laimar iskar garin nan tana sa shi kamawa nan take kafin ka daidaita yankin, yana kuma sa robar taga ta yi hazo. Fentin ruwa na masu zane yana zama idan an fara shimfiɗa fentin ƙasa. Fentin feshi na mota da ake samu a Abossey Okai yana da kyau, amma wani mai zafi ne, yana cin roba ta yamutse, don haka kada ka fesa a jirgi sai ka gwada a ragowar firam ka bar shi ya kwana. Wannan firam ɗin ma kada ka zubar: idan ka kara shi a saman kyandir ya yi laushi ka ja, zai miƙe siriri kamar gashi, da shi ake yin eriya da wayoyin jirgi.

Sai babbar maganar, ɓata. A 1:350, mutum mai tsawon santimita 170 bai kai milimita biyar ba, a 1:700 kuwa rabin haka ne. To ka auna girman anka ko ƙaramar igwa. Ka kama ta da hantsaki, ka ɗan matsa, ta yi tsalle, shi ke nan. Na taɓa rasa ɗaya daga cikin farfelolin wani jirgi a daren da aka ɗauke wuta, na share ɗakin sau uku ban gan ta ba, na rubuta wa wanda ya sayar mini, wata biyu ban ji amsa ba, daga ƙarshe na yanka wata daga gwangwanin madara. Wani kwalin kuma da na ajiye ya ci damina ɗaya a saman kabad, da na buɗe na tarar takardar lambobi da tutocin da ake jiƙawa a manna ta manne da kanta saboda laima. Tun daga nan nake cire wannan takarda in sa a leda mai zif ranar da kaya suka iso. Kada kuma a bar kwali kusa da kwanon rufi ko a bayan mota da rana, dogayen yankuna suna lanƙwashewa. Akwai siraran kayan tagulla da ake sayarwa daban don yin shingen bakin jirgi da tsani, suna ƙara kyau ƙwarai, amma shingen mita ɗaya a 1:350 bai kai milimita uku ba, ka bar su sai jirgi na uku. Wanda ya zaɓi roba, ya fara da ƙaramin jirgi a babban ma'auni, kamar Fletcher na Tamiya a 1:350 mai tsawon kusan santimita 33, ba Yamato ba, ba kuma 1:700 ba, sai in idonsa da hannunsa sun riga sun saba da ƙananan abubuwa kamar na masu gyaran waya a Circle.

Yanzu na katakon kwali, wanda ya tafi da hankalin ɗan ƙanwata. Ban ga laifinsa ba. Jirgi mai ƙyallen kama iska, da dogayen jigajigansa da igiyoyi kamar saƙar gizo, idan an gama shi da kyau babu baƙon da zai shigo falo bai yi shiru ba. Artesanía Latina da OcCre na Sifen, Amati na Italiya, Billing Boats na Denmak, Caldercraft na Ingila, su ne sunayen da za ka yi ta gani. Sai dai hoton da ke bayan kwalin yana ɓoye abu ɗaya: a cikin kwalin babu jirgi. Akwai falankin da aka yanka ƙashin baya da haƙarƙari, akwai damin siraran katako miƙaƙƙu, da ƙullin zare, da 'yan kayan ƙarfe, da manyan takardun zane. Gangar jirgin kai za ka gina ta, sili ɗaya bayan ɗaya. Kafin ka ɗora sili na farko sai ka goge bakin haƙarƙarin nan har ya bi lanƙwasar jirgin, in ba haka ba jikin zai fito da ƙusumbi da rami. Kowane sili sai an jiƙa shi, an lanƙwasa da zafi, ni da dutsen guga nake yi, an kuma fiƙe shi ya siranta wajen goshi, domin cikin jirgi ya fi goshinsa faɗi alhali adadin silin ɗaya ne. Wannan fiƙewar ita ce inda yawancin masu farawa ke tsayawa. Takardar bayani takan wuce ta da hoto ɗaya, alhali aikin wata guda ne.

In ka tsallake wannan, igiyoyi na jiranka. Tsanin igiyar da matuƙa ke hawa zuwa saman jigo kaɗai, a jirgi irin Victory, ƙulli ne dubbai, kowanne da hannu. Victory na Caldercraft a 1:72 ya haura mita ɗaya a tsawo, masu gwaninta ma shekaru suke yi a kansa. Na tambayi yaron, "A ɗakinka na Madina da kuke kwana ku biyu, ina za ka ajiye abu mai tsawon mita, buɗe, shekara uku, ba wanda ya taɓa?" Ya yi shiru. Yanayinmu ma yana da nasa hukuncin. Katakon da aka busar a Turai yana shan laima ya kumbura idan ya iso, don haka a buɗe kwalin a bar shi sati biyu kafin a yanka komai. Jikin da ka rufe a watan Yuni ruwa na zuba, idan hunturu ya busa a Janairu za ka ga siraran tsaga tsakanin sili da sili. Zaren auduga yana saki yana ɗaurewa da sauyin iska har ya karkatar da jigo, gara zaren roba na teloli, a ja shi a kan kakin zuma don ya kwantar da gashinsa.

Amma ga abin da ya fi tsaya mini a rai game da kwalin katako. Ka karanta jerin itatuwan da ke ciki: obeche, ko samba, ko ayus, sai sapele, sai mansoniya. Obeche sunan Najeriya ne, samba na Kodebuwa, ayus na Kamaru, duk kuwa itace ɗaya ne, shi ne wanda mutanen Ghana ke kira wawa. Sunan Twi ne, ba shi da alaƙa da wawa na Hausa. Sapele da mansoniya su ma 'yan dazuzzukan yankinmu ne. Wato itacen da ake lodawa a Takoradi da Tema, shi ake yankawa siri-siri a Turai, a sa a kwali mai hoto, mu biya kuɗin jirgi da na kwastan ya dawo mana. Ranar da na gane haka na daina jin tsoron ɓata sili, don na san kafintan unguwa mai injin tsaga zai fitar mini da wani. A nan katakon kwali ya fi roba: kuskurensa yana gyaruwa a gida. Garin katako da farin gam suna cike rami, sanfefa tana share kunya. Duk da haka ba zan ba sabon shiga shawarar ya fara da babba ba. Wanda ya nace sai kwali, ya nemi mai jigo ɗaya ko biyu, irin Polaris na OcCre ko Lady Nelson na Amati, ko ma ƙaramin kwalekwalen masunta na Model Shipways a 1:24, ya koyi lanƙwasa sili a inda asara ba ta da yawa.

Akwai kuma na takarda mai kauri da ake bugawa a yanka a manna, mutanen Poland da Jamus sun yi nisa a kansa. Yana da arha, kuma in ka ɓata sai ka sake bugawa. Na gwada sau biyu. Laima tana sa shi laushi, kyankyasai kuma suna bin gam ɗin, sai in za ka rufe shi a gilashi tun ranar farko.

Hanya ta uku ita ce na fi daɗewa a kanta da yaron, ita ce kuma zan fi daɗewa a kanta a nan. Mu a garin nan muna da abin da maƙerin jirgi na Turai zai biya kuɗi mai yawa ya samu: jirgin gasken yana kwance a bakin teku, tafiyar trotro ɗaya daga gida. Kwalekwalen masuntan Ghana daga gungumen wawa guda ɗaya ake fafe shi a can daji, a kawo shi gaɓa da babbar mota, sannan kafintocin bakin ruwa su ƙara masa falankai a gefe don ya yi zurfi, su gindaya katakan zama, su kafa wurin rataye inji a gefe ɗaya wajen baya. Manyan, masu jan ragar da ake kira watsa, sukan haura mita goma sha biyar, injinsu galibi Yamaha ne mai ƙarfin doki 40. Ban taɓa cin karo da kamfanin da ya sa wannan jirgi a kwali ba. Idan ka ƙera shi, abin da ke falonka babu irinsa a shagon kowa.

Ka je Jamestown ko Chorkor ranar Talata, ranar da masunta ba sa fita, jiragen duk suna kan yashi ana gyaran raga. Kada ka ɗaga waya kana isa. Wurin yana da shugabansa, mutanen ƙabilar Ga suna kiransa woleiatse, kowane jirgi kuma da mai shi. Ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka, in da hali ka riƙo wani ƙaramin aikinka ka nuna. Ni wani dattijo da ya ga ɗan jirgin da na zaro daga jaka, shi da kansa ya riƙe mini bakin tef ɗin awo, ya kuma nuna mini cewa goshin da na yi ya miƙe da yawa, na gasken yana ɗagowa a hankali tun daga nesa. Babu takardar kwali da za ta gaya maka wannan. Ka auna tsawo, ka auna faɗi a wuri biyar ko shida, ka auna zurfi, ka ƙirga katakan zama da tazararsu. Ka ɗauki hoto daga gefe kana tsugune, daga gaba, daga baya, da na ciki.

Ma'auni kai ke zaɓa, wannan ma 'yanci ne. Jirgi mai mita 15 a 1:30 zai ba ka santimita 50, daidai kan kabad, falankin da kaurinsa santimita uku ne kuma zai zama milimita ɗaya, abin da hannu ke iya riƙewa. Itacen kuwa, Timber Market cike take da gutsattsarin wawa da masu injin tsaga ke turewa gefe, kafintocin Nima da Mamobi ma ba sa rasa shi. Shi ne dai itacen da masu akwatin gawa na Teshie ke sassaƙa kifi da mota da shi, saboda laushinsa da rashin nauyi. Ka zaɓi busasshe, wanda jijiyarsa ta miƙe. Wanda ka ga ƙananan huji da gari kamar fulawa a jikinsa, ƙwaro ya shige shi, bar shi. Mai dabbare-dabbaren shuɗi laima ce ta kama shi, in fenti zai rufe ba komai. Ka ɗauki guda biyu ko uku, kuɗinsu bai kai na waakye da nama ba.

Sirrin aikin layin tsakiya ne. Ka ja shi a sama da ƙasa da goshi da baya, duk lokacin da wuƙa ta share shi ka mayar. Ka ninka takarda biyu ka yanka rabin siffar jirgin, in ka buɗe dama da hagu sun zama ɗaya, ka kwafa a kan itacen. Ka fara fitar da siffar gefe da zarto, sannan ta sama, sannan ka zagaye waje da wuƙa da magagari. Ciki shi ne na ƙarshe, da kurfi, kana bin jijiyar itace daga bakin biyu zuwa tsakiya, kana matsa bango tsakanin yatsa biyu don jin kauri, ka tsaya a milimita huɗu ko biyar. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, duk da haka ka yanka ma'aunin kwali na lanƙwasar ciki a wuri uku, ka riƙa karawa dama da hagu. Wuƙa ta kasance mai kaifi sosai, domin dakusasshiya tana murƙushe wawa maimakon ta yanka, ita ce kuma ke zamewa ta sami yatsa. Ka sa takunkumi lokacin gugar sanfefa, ƙurar wawa tana tayar wa wasu da tari da asma.

Daɗin yana wajen ƙawata shi, kuma kayan duk a unguwa suke. Tsinken tsire ya zama gorar da ake ɗaura tuta. Tsinken sakace ya zama turakun ɗaure igiya. Siririn yadin raga da teloli ke sa wa rigar amare, in ka tsoma shi a ruwan shayi mai kauri ko fenti tsinkakke, ya zama ragar kifi, ka jera masa ƙananan duwatsun ado a baki su zama abin da ke sa ta yawo a saman ruwa. Wayar cikin tsohuwar caja ta zama ƙugiya da hannun inji. Injin kansa guntun itace ne da ɗan gwangwani. Jarkar mai, bokiti, kwandon kifi, duk ana fitar da su daga ragowar itace. Fentin kuwa, jiragenmu ba sa jin kunyar launi: ja, rawaya, shuɗi, tutocin ƙasashe, alamar kulob ɗin ƙwallo, zanen adinkra, da rubutun karin magana ko addu'a a gefe. Kafin fenti ka shafa abin da kafintoci ke toshe ƙofofin katako da shi, sila suke ce masa, in ba haka ba wawa zai shanye fentin ya tayar da gashi. Bayan ya bushe ka ɗan goge bakin jirgin da inda igiya ke gurza har itace ya leƙo, ka shafa baƙi tsinkakke a ciki inda ruwa da mai ke kwanciya. Jirgin da ya fito fes kamar ba a taɓa saka shi a ruwa ba, masunci na ganinsa zai ce ba nasu ba ne. Masu tambayata hukuncin siffa, jirgi ba mai rai ba ne, ni kuma ba na sa 'yan mutane a nawa, raga da igiya sun isa su nuna akwai masu shi.

Ba zan ce hanyar nan ba ta da aibu ba. Babu takarda, babu lamba, babu wanda zai ce maka yanzu ga abin da ke biye. Wanda ba ya jure rashin tabbas zai sha wuya. Wawa ba ya riƙe kaifin baki, ƙananan abubuwa masu kusurwa sai ka nemi itace mai tauri kamar sapele. Akwai ƙura da ɓawon sassaƙa, aikin tsakar gida ne ba na kan gado ba. Na farkonka kuma zai karkace, kusan kowa haka ne. Bambancin shi ne karkacewar ba ta ci kuɗin wata bakwai ba, guntu na biyu yana jiranka a ƙarƙashin benci. Sannan in zuciyarka na wajen igwa da sulke, kwalekwale ba zai kashe maka ƙishirwa ba, kada ka tilasta wa kanka, je ka sayi robarka. Amma hannun da ya koyi layin tsakiya a kwalekwale ya riga ya kama hanyar manyan jirage. Ana yanka falankai bisa zanen jirgin hawa-hawa, a manna su ɗaya kan ɗaya, a sassaƙe matakalar har jiki ya yi sumul. Da haka na ƙera jirgin dakon kaya mai kama da waɗanda mahaifina ya nuna mini, da haka kuma nake shirin yin jirgin Yapei Queen da aka sani da zirga-zirga a tafkin Volta tsakanin Akosombo da Yeji.

Kowanne ka zaɓa, ka sa kuɗin akwatin gilashi a lissafi tun farko. Ƙurar hunturu tana shiga tsakanin igiyoyi inda tsumma ba ya kaiwa, iskar teku tana sa ƙarfe tsatsa, ga yara, ga mai shara da kyakkyawar niyya. Masu aikin gilashi da alminiyon na unguwa suna haɗa shi daidai awon da ka ba su. Fitila mai caji kuma dole ce, ba don ɗauke wuta kaɗai ba, ƙwan ɗaki ba ya isar wannan aiki. Fenti kuma da safe ake yi ko bayan an yayyafa ruwa a ƙasa, a kife kwali a kan aikin har ya bushe.

Da la'asar ta yi na ce wa yaron, "Ɗana, kuɗinka naka ne. In jirgin ƙarfe kake so, sayi ƙaramin na roba, ka tabbatar gam da fenti suna hannunka kafin ka buɗe. In Victory ne har zuciya, ba na hana ka, amma ka bar kuɗin inda suke, ka ba ni Talata ɗaya da Asabar ɗaya." Talatar muka je Jamestown, muka auna wani jirgi mai shuɗi da rawaya a ƙasan hasumiya. Asabar muka shiga Timber Market ya zaɓi guntaye uku da hannunsa. Na farkon ya huda shi wajen fafe ciki. Na biyun yana nan a bencina, gefen hagu ya fi na dama kauri da kusan milimita biyu, ya ce zai zo ranar Lahadi ya rage, ya kuma roƙi mahaifiyarsa ta ajiye masa ragowar yadin raga daga ɗinkin bikin da take yi.